Rufin Aji Uku

Ranar da ta fara aiki a makarantar, kujera mai ƙafa uku aka nuna mata a ofishin malamai. Tana tsaye tana hararar kujerar, sai wani dogon malami ya miƙe ya turo mata tasa. Hannun rigarsa fari fat da garin alli.

"Zauna, Malama. Ni dama yaran aji uku ba sa barina in zauna."

Tun daga ranar ta sa masa suna Ɗan Alli. Shi kuma da ya ga ba ta rabuwa da biron gyaran aiki, sai ya rama da Jan Biro. So ya shiga tsakaninsu ko sallama babu.

Rufin aji uku yoyo yake yi. Da hadari ya haɗu sai Ɗan Alli ya ajiye darasi, shi da yara su ja bencina kusurwa guda, su jera bokitai uku. Ya rubuta koke har hannunsa ya gaji, ba wanda ya tanka. Rufin nan ne ya tura shi takarar majalisar jiha.

Babanta tsohon hedimasta ne, kuma da maganar aurensu ta taso bai ɓoye ƙinsa ba.

"Ni malami na yi niyyar ba wa 'yata. Wanda ya bar aji ana tsakiyar zango, me zai hana shi barin mace?"

Da ta dame shi da kuka, sai ya ce, "To, ya rufe ajin nan tukuna. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe, ya turo manyansa."

Ɗan Alli ya ci zaɓe. Ya shigar da ƙudurin gyaran makarantu, ƙuduri ya kwanta a kwamiti ya yi barci. Shi kuwa sai sama yake yi, har aka ba shi shugabancin jam'iyya. Saƙonninsa suka gajarce. Mutumin da a da yake cika mata waya da hira, yanzu sai dai: "Ina taro, Jan Biro. Kina raina."

Aka fara kawo mata gulma, wai an gan shi da 'yar wani jigon jam'iyya. Ta tambaye shi, ya amsa: "Ubanta ne ke so, ba ni ba. Ke kaɗai ce, wallahi." Ta yarda, amma abin ya tsaya mata a rai.

A damina ta uku silin aji uku ya rufto, saura ƙiris ya danne wata yarinya. Malamai goma sha huɗu suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, sunan Jan Biro a sama. Ba a yi wata guda ba aka watsa su ƙauyuka masu nisa. Takardar da ta nemi a yi hakan daga ofishin jam'iyya ta fito, kuma sa hannun da ke ƙasanta ta san shi kamar yunwar cikinta.

Ta sami Ɗan Alli a ofis mai sanyi, ta ajiye takardar a kan tebur.

"Ka karanta kafin ka sa hannu?"

Ya duba, sai fuskarsa ta sauya. "Takardu nawa ake kawo min a rana? Wallahi ban ga..."

"Kai ne fa kake rage wa yaro maki in ya amsa tambaya bai karanta ba."

"Yanzu zan kira a cire sunanki."

"Mu goma sha huɗu ne, Ranka ya daɗe."

Wannan "Ranka ya daɗe" ta fi mari zafi, kuma ta san haka ta faɗa.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo: "Manya sun ce in janye ƙudurin gyaran makarantu, su kuma su janye sunayen duka. Ɗaya kawai zan samu. Na rasa yadda zan yi, Jan Biro. Ki zaɓa mana."

Ta daɗe riƙe da wayar. Ta tuna malamar da ke goyon tagwaye, da dattijon da ya rage masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Ta tuna yarinyar da silin ya kusa dannewa. Ta ji haushinsa da ya ɗora mata wannan kaya, ta ji haushin kanta da har yanzu take sonsa. Ta rubuta: "Dawo da su."

Da aka dawo da su, malaman ne suka je wurin babanta roƙon ya yarda da auren, su goma sha uku reras. Tsohon ya ce, "Ban ga rufi ba. Amma ba zan kunyata ku ba. Allah ya ba su zaman lafiya."

Ranar ɗaurin aure ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gwaggonninta suna ta murna, "Albarka ce! Amarya mai goshi!"

Da jama'a suka ragu, ta tarar da angon tsaye bakin taga, cikin rigar da babu ɗigon alli a hannunta.

"Yanzu yaran aji uku suna can suna jan bencina," ya ce a hankali.

Ta matso ta riƙe hannunsa, domin mijinta ne kuma tana sonsa.

"Allah ya sa mana albarka, Ɗan Alli," ta ce. "Amma bokitan yanzu biyar ne."