Furen da Bibi Rajab Ta Bari

Mohira ta ciji zaren ta tsinke shi daidai lokacin da ladanin unguwa ya ɗaga murya da kiran magariba. Ta shafa furen da ta gama ɗinkawa, ta ce, "Baba, na gama." Mahaifinta Ilhom yana zaune a kan dakalin katako ƙarƙashin inabi yana kurɓar koren shayi. Mahaifiyarta Saodat tana bakin murhu tana jiran osh, dafa-dukan shinkafar garin, ta tsotse. Gidan ya yi shiru irin na yammacin Bukhara, ba ka jin komai sai kurciya a kan katanga.

Sai dutse ya faɗo cikin tukunya.

"Kai! 'Ya'yan wa ne waɗannan marasa tarbiyya?" in ji Saodat. Ilhom ya leƙa lungu, bai ga kowa ba. Yana juyowa na biyu ya fasa masa kofin shayi a hannu. Wannan karon duka ukun sun ga inda ya fito, daga cikin ɗakin baƙi, ƙofar kuma a rufe take. Kurciyar ta yi shiru. Mohira ta dubi hannunta na dama, ta ce a hankali, "Mama, yatsuna sun ƙi buɗewa."

Bari in koma baya kaɗan, don in ban gaya muku halin Ilhom ba, za ku tausaya masa, ni kuwa ba na so.

Shi da ƙaninsa Davron sana'arsu ɗaya. Idan tsoho ko tsohuwa ta rasu a tsofaffin unguwanni, magada suka zo daga Tashkent suna gaggawar sayar da tarkace su kulle gida, su ne ke zuwa tsintar abin daraja. Sai dai Allah bai raba musu ido daidai ba. Davron zai ƙwanƙwasa farantin tangaran da farce ya gaya maka shekarunsa. Zai shinshina darduma ya ce rinin saiwa ne ko na kanti. Ilhom kuwa shekara ashirin yana sayen butar tagullar da aka binne a ƙasa mako biyu don ta yi kama da ta kakanni. Duk ranar da ya ji an ce a kasuwa, "A kai wa Davron ya duba," ba ya iya cin abinci. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Ranar da aka baje kayan marigayiya Bibi Rajab, Ilhom bai kalli kaya ba, hannun ƙaninsa ya sa wa ido. Ya ga Davron ya buɗe wata adaka, ya taɓa wani naɗaɗɗen ƙyalle, leɓunansa suka motsa, ya wuce kamar bai ga komai ba. Can ya zagayo ya sake taɓawa. A nan garin ƙane ba ya taya abin da wansa ya ɗora wa hannu, Ilhom kuma ya san da haka sarai.

"Davron, wannan tsumman na ɗauka."

Davron ya janye hannunsa. "Allah ya sa albarka, Yaya. Amma don Allah in ka je gida kada..."

"Sana'a za ka koya min? Ina cikinta tun kana fitsarin kwance."

A gida ya warware shi. Suzani ne, babban ƙyallen ɗakin amarya mai aikin allura, zaren alharini, rumman jajir daga gefe zuwa gefe. A ƙuryarsa ta ƙasa akwai fure ɗaya da aka zana da tawada aka bar shi ba ɗinki. Kowace macen Bukhara ta san ana barin wuri ɗaya haka, don kada biki ya yanke a gida. Saodat ta gaya masa. Ya ce zancen mata ne, akwai mai saye da zai zo daga Istanbul, kuma shi so yake ya shimfiɗa a kasuwa abin da Davron bai taɓa riƙe irinsa ba, cikakke, ba giɓi. Ya kira 'yarsa, wadda duk unguwa ke yabon allurarta, ya ce ta cike furen. Kwana uku ta yi a kansa.

Daga wannan magaribar gidan bai sake zama lafiya ba. Rana na karkata duwatsu za su fara, ƙanana, masu ɗumi kamar an ciro su daga toka. In sun tsaya sai a ji muryar mace a ɗakin baƙi tana ƙirga ƙasa-ƙasa, irin ƙirgan mai ɗinki. Mohira ta daina cin abinci. Yatsunta biyu a haɗe kamar tana riƙe da allura, tana ɗinka iska tun safe har hannun ya kumbura zuwa gwiwa. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Saodat ta ce a kira Davron, ko ya san wani abu game da ƙyallen. Ilhom ya ce in ta sake ambaton sunan nan a gidansa za ta gani.

Rana ta bakwai yarinyar ta daina gane uwarta. Saodat ta yafa mayafi ba ta nemi izinin kowa ba, ta dawo da Domla Ergash, tsohon malamin da ke bayan masallacin unguwar masaƙa.

Bayan la'asar suka iso. Domla ya sa aka turara ɗakin baƙin, aka shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, ya zauna kusa da kan Mohira ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Sannan hannun yarinyar ya tsaya cak, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito mai kaushi kamar ta tsohuwar da ta kwana da tari.

"Ya isa, Domla. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Aljana ce ni, ƙawar Rajab. Tun tana 'yar shekara tara nake zama gefenta ina riƙe mata zare. Ba rumman ɗaya a ƙyallen nan da ba a gabana aka ɗinka shi ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Furena!" Muryar ta karye. "Shekara saba'in ina roƙon Rajab ta bar ni in ɗinka furen nan. Ko allura ɗaya. Ta hana ni, ni da na fi kowa sonta. Na haƙura, tunda ba a ba kowa ba. Sai ga wannan 'yar mai hannu da warin albasa, kwana uku ta cike shi. Kuma ya yi kyau, Domla. Abin da ke cina ke nan, ya yi kyau."

"Kishi ne ke damunki, baiwar Allah. Fita ki bar ta."

"Sai dai in fita da hannun."

"Ba ki da hannu a nan. Faɗi wani abin." Ya ɗaga murya da karatu, jikin Mohira ya ɗauki rawa.

"Tsaya! A warware furen, zare-zare. Kuma ba wannan makahon uban nata zai warware ba. A kira mutumin da ya taɓa ƙyallen ya yi wa Rajab addu'a. Shi kaɗai ya san abin da ya gani. Ya warware, ya tafi da ƙyallen ya zama nasa, kyauta. Sai in bi shi in zauna lafiya."

Domla ya juya. "Ilhom, ka ji. Ka yarda?"

Ilhom yana tsaye bakin ƙofa. Idonsa ba ya kan 'yarsa, yana kan rumman ɗin nan ja. Wallahi ina jin abin da ya gani a ransa: ƙyallen a rataye a shagon Davron, mutane sun taru suna cewa ai dama shi ne mai ido.

"Ilhom, ka yarda?"

"Domla, ba za a iya... ko wani dabam ya..."

Aljanar ta tuntsire da dariya ta bakin yarinyar. "Domla, ni kake yi wa karatu? Juya ka yi wa wancan."

"Ilhom!" Tsohon ya daka tsawa. "Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda," ya ce, da ƙyar aka ji shi.

Da ƙafarsa ya je ya kira ƙanin. Davron bai tambayi komai ba, bai kuma ce ai na so in gaya maka ba, wannan shirun ma ya fi yi wa Ilhom ciwo. Ya durƙusa da ɗan ƙaramin almakashi yana zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Duk zaren da ya fita, yatsun Mohira na ƙara saki. Da na ƙarshe ya fita ta yi atishawa sau biyu, hannun ya faɗi a kan katifa a buɗe. Davron ya naɗe ƙyallen, ya sumbaci goshinta, ya fita da shi a kafaɗa.

Saodat ta kawo romo tana kuka. Mohira ta sha da hannunta na dama. Ilhom ya matso ya tsuguna, ya miƙa hannu zai shafa kanta. "'Yata, sannu. Ba ki san abin da ya faru ba, ko?"

Ta kauce kaɗan, ta dube shi da idonta na gaskiya.

"Ina ciki, Baba, ina jin komai," ta ce. "Sau uku Domla ya tambaye ka."