Ƙwaya ta Arba'in

Wata ranar Laraba cikin bazara, gab da magariba, Yusha'u yana tsugune a bayan ɗakinsa a unguwar Rikoto yana fasa tsofaffin baturan laftof. Gyaran waya yake yi a kasuwar Zuru, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu ya mutu su ƙyale shi ya huta. Kowane batir ya fasa, sai ya zaro ƙwayoyin cikinsa, dogaye kamar yatsa, ya auna su da mita, ya ware masu sauran rai. Arba'in yake nema ya jera cikin akwatin katako ya haɗa da farantin sola, don fanka ta riƙa juyawa a kan 'yarsa Khairunnisa. Watanta huɗu, ƙurajen zafi sun cika mata wuya, kuka ba dare ba rana.

Maƙwabcinsa Haggai, tsohon soja, ya sha yi masa magana. Ya ce ya sayi ɗan allon nan da ke yanke wuta idan batir ya yi zafi, ya kuma ajiye bokitin yashi kusa. Yusha'u yakan ce, "Gobe, Baba Soja." Goben nan ta fi wata guda tana hanya.

Talatin da tara sun zauna lafiya. Ta arba'in ce ta yi gardama. Yana ɗora mata ƙarfen dalma ta fara huci, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya taso. Ya cafke ta da filaya ya wurga ta bayan katanga, inda tsohuwar rijiya ta ƙafe a gindin tsamiya.

Yaro ƙarami ma ya san ba a watsa ruwan zafi da magariba sai da bisimilla, saboda akwai waɗanda ke zaune inda ido bai gani. Shi kuwa wuta ya jefa, bakinsa rufe.

Rijiyar ta yi haske ja. Sai ƙara. Sai wani ɗan siririn kuka, sau ɗaya tak.

Haggai ya leƙo ta katanga. "Me ka jefa can?"

"Batir ne, Baba Soja."

Tsohon ya daɗe yana kallon tsamiyar. "Mu ma da muke zuwa coci ba mu zubar da toka a wurin nan." Ya koma gida.

Kwana uku bayan haka, Yusha'u yana dawowa daga kasuwa, rana ta faɗi, ya bi ta gindin tsamiyar don ya gajarce hanya. Babu iska. Ko kukan tsuntsu babu. Sai ya ga mace tsaye a bakin rijiyar, goye da jariri, ta rufe shi ruf da mayafi. Goyon ba ya motsi. Warin ƙonannen gashi ya dake shi, a ƙarƙashinsa kuma ga warin nan mai zaƙi.

"Bawan Allah," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ka yar da abinka."

Ta miƙo tafin hannu. Ƙwayar batir ce, shuɗiya, sumul, babu ko tabon ƙuna.

"Baiwar Allah, ina kika samo ta?"

"Inda ka aiko ta."

Ya karɓa. Sanyi gare ta kamar daga randa aka ciro ta. Da ya ɗago kai, tsamiya kaɗai ya gani.

Mai hankali da a nan zai jefar ya ruga gida yana addu'a. Tsoron kam ya ji shi, amma hannunsa ya riga ya zura ta aljihu. A gida ya ɗora mata mita, mita ta nuna cike take taf, ta fi duk sauran. Ga gurbi ɗaya yana kallonsa a akwati. Ya gaya wa kansa cewa wata ƙwayar ce daban, matar kuma wata baƙuwa ce daga Kanya ko Danko. Ya liƙa ta da dalma.

Fanka ta tashi. Matarsa Talatu ta yi ta sa masa albarka. A daren nan Khairunnisa ta yi barcin da ba ta taɓa yi ba, akwatin yana ƙarƙashin gadonta.

Washegari da magariba Talatu tana madafa, shi yana alwala a tsakar gida. Yana jin fankar daga ɗaki, fir-fir-fir. Ya wanke ƙafar dama. Ya ɗauki buta zai zuba wa ta hagu, sai ƙarar ta yanke.

A madadinta ya ji huci.

Ya ajiye butar. Ya ɗaga labule.

Matar nan ta bakin rijiya tana zaune a bakin gado. Ta sauke goyon ta kwantar da shi gefen Khairunnisa, ɗan ƙulli baƙi ƙirin cikin mayafi. Tana yi wa jariran biyu fifita da hannu, a hankali. Daga ƙarƙashin gadon farin hayaƙi yana malalowa.

Ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa.

"Nawa ma barci shi kai," ta ce cikin raɗa, ba ta dube shi ba. "Zahi ya hana shi, sai na kai shi can ƙasa inda ad da sanyi."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Kalma guda ce, da ka hwaɗe ta na ɗauke shi."

Katakon akwatin ya fara ƙara, ƙas-ƙas.

"Ki bar min ɗiyata."

Sai ta juyo. Rabin fuskarta mutum ne. Rabin kuwa bai taɓa gaya wa kowa yadda yake ba.

"Kwana ukku ina riƙe da shi yana hucewa a hannuna," ta ce. "Kai ma ka riƙe."

Bisimillar da bai yi ba ranar Laraba ce ta fito masa yanzu, da ƙarfi har murya ta tsage. Ƙafafun suka saku. Ya faɗa ƙarƙashin gadon ya jawo akwatin da hannu biyu, wayoyi suka tsinke. Zafin ya ratsa shi har haƙori.

Ya ruga. Ƙwaya ɗaya ta fashe a zaure. Wata ta kama. Wutar tana feshi kamar ta mai walda, tana cin rigarsa.

Bai saki ba.

A ƙofar gidan Haggai akwai tarin yashin gini. Nan ya kifa akwatin, ya faɗi gefe. Haggai ya fito da shebur ya yi ta tura yashi, yashin yana tsalle yana huci, har aka kira isha'i kafin ya yi shiru.

Talatu ta sami Khairunnisa tana barcinta, ita kaɗai. A gefenta, kan zanen gado, akwai ɗan tabon toka mai siffar jariri.

Yusha'u ya yi wata biyu a asibiti. Yatsunsa sun warke a lanƙwashe, ba sa iya riƙe ƙarfen dalma, yanzu caja da murfin waya kawai yake sayarwa. Duk wanda ya zo masa da maganar haɗa tsofaffin batura, ba ya musu da shi, hannuwan yake ɗorawa kan tebur.

Amma ba hannuwan ne suka fi damunsa ba. Kwana biyu bayan gobarar, Haggai ya tone yashin don ya binne ƙonannun ƙwayoyin nesa da gari. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya tankaɗe yashin da rariya. Talatin da tara ne.

Yau shekarar Khairunnisa uku. Sun bar Rikoto tuntuni. Har yanzu kowace magariba, kafin ya yi alwala, Yusha'u yakan durƙusa da gwiwa, ya ɗaga katifarta, ya laluba ƙarƙashin gadon da lanƙwasassun yatsunsa.