Angar Sairusi

Da yammacin da abin ya fara, Sairusi na zaune a ƙofar gida yana gyaran taru, matarsa Venina na kankare kwakwa, 'yarsu Unaisi na hura wuta. Rana ta yi ja. Kaji sun shige. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Sairusi ya ɗauko shi. A jiƙe yake, yana ƙarnin teku, alhali gidansu a kan tudu yake. Na biyu ya biyo baya, sai na uku. Ba kowa a waje.

Nan take ya tuna. Kwana uku kafin nan, suna dawowa daga tsibirin Lakeba a jirginsa na ruwa, iska ta taso musu. Ya yi ta kutsawa tsakanin tsibiran duwatsu har ya sami wani lungu da ruwa ya kwanta luf. Tsofaffi sun hana shiga wurin. Shi kuwa, da iyali a jirgi, ya jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ba neman izini, suka fake har iska ta lafa.

Tun daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Unaisi ta daina cin abinci. Gashinta kullum yana ɗigar ruwa, ko da ba ta yi wanka ba. Ran nan ta dubi ubanta, ta ce da wata murya mai kauri, "Kai ne."

Venina ta ruga ta kira Bu Kelera, tsohuwar da ta gaji magani daga kakanninta. Tsohuwa ta zauna kan tabarma, ta dama yangona, abin shansu na gargajiya, a akushi, ta tura gaban yarinyar.

"Baƙuwa, ga abin sha. Wace ce ke?"

Unaisi ta hamɓare akushin. "Uwar lungun nan ce. Ɗana na barci a ƙasan ruwa, ƙarfen mutumin nan ya karya masa baya. Jiya na binne shi. Ɗa ya kashe mini, 'ya zan ɗauka."

Sairusi ya durƙusa. "Ban sani ba, Uwa. Iska ce ta koro ni."

"Shi ma bai san za ka zo ba."

Bu Kelera ta ce, "Yarinya ba ta jefa komai ba. Karɓi aladu, karɓi tabarmi goma."

"Alade zai kira ni uwa?"

Wuta ta mutu a murhu, ba wanda ya tashi.

Can muryar ta ce, "To, ya kai jirgin inda ɗana ya mutu, ya nutsar da shi da hannunsa. Daga nan kada ƙafarsa ta ƙara taɓa ruwan gishiri. Ranar da ta taɓa, na dawo."

Sairusi, wanda a cikin jirgi ya koyi tafiya, ya ce, "Na yarda."

Unaisi ta yi aman ruwa mai yashi, ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Washegari Sairusi ya kai jirginsa lungun, ya sare cikinsa da gatari har ya nutse, maƙwabta suka dawo da shi a nasu jirgin, suka goyo shi har tudu don kada ƙafarsa ta taɓa ruwa. Ya koma noman gwaza.

Bayan shekara shida aka yi auren Unaisi a wani tsibiri. Gari duka ya tafi biki. Sairusi ya raka ta har inda busasshen yashi ya ƙare, ya tsaya. Igiyar ruwa ta matso kusa da yatsunsa, ya ja da baya.