Baitin Da Kalilu Ya Ƙara

Ranar kasuwar Sabon Birni Kalilu ya fara ganin Habi. Yana zaune a rumfarsa ta cajin waya da tura finafinai, ta sauke ƙwaryar nono ta miƙo masa wayarta.

"Na tarihi nika so, masu sulke da garkuwa. Ban son na rawa."

Ya ɗago ya dube ta. Shi ma nan ransa yake, labarin Gobir da yaƙoƙin zamanin jihadi. Kafin fim ya gama shiga sun kaure da gardama kan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, shi Bagobiri yana kare kakanninsa, ita Bafillatana tana dariya tana cewa an dai ci su.

Daga nan saƙo ya fara yawo tsakanin Kurawa, garinsu Kalilu, da rugarsu Habi kusa da Bafarawa.

"Bagobirina, ni da Inno mun ƙare na jiya. Ta ce in ba na biyu, kar ka sake shan nononta."

"'Yar Fillona, ki ce ma Inno har na ukku za ni kawo da kaina."

Inno, mahaifiyar Habi, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Ita da Habi ba sa barin gasar waƙar da wata tashar talabijin ke yi a Sakkwato ta wuce su. Da Habi ta ji shi yana rera waƙar Alƙalawa da ya tsara, sai ta matsa masa ya shiga.

Shekarar kuwa ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tafkuna suka ƙafe, shanu suka fara kwantawa.

Kalilu ya hau dandali, jama'a suka ɗauki tafi. Daɗin tafin ya kwashe shi, ya ƙara baitin da babu shi a waƙar. Ya ce masu sandar da suka ci garin kakanninsa, yau ga shanunsu zube bakin hanya, alhaki ne ke bin su. Aka bushe da dariya.

A kasuwar Bafarawa aka nuna wa Jibrilla, mahaifin Habi, hoton waƙar a waya, yana riƙe da igiyar saniyar da ta kasa tashi.

"Wanda ya yi waƙa da gawar shanuna ba ya shan ruwan gidana," in ji shi. Ya ce Maliki, ɗan ƙanensa, ya fito neman Habi.

Saƙonta ya iso wa Kalilu: "Ni na ce ka tai. Inno ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in goge finafinanka."

Bai koma zagayen ƙarshe na gasar ba. Mahaifinsa Na'Allah ya nuna masa karan gonarsu da ta ƙone.

"Wanga kaɗai ya rage muna. Kai musu."

Ya dinga jigilar kara a babur, ya shiga cikin masu haƙa rijiya a busasshen gulbi don shanun da suka saura. Jibrilla ba ya amsa gaisuwarsa. Kalilu ya ji Inno na kwance ba lafiya, amma kullum in ya kai bakin ruga kunya ta mayar da shi, ya ce sai gobe.

Wata safiya ya iso da kara ya tarar ana haɗa makarar Inno.

Bayan addu'ar arba'in Jibrilla ya aika a kira shi.

"Habi ta ce ba ta auren Maliki. Uwarta kuma ta bar min magana, wai wauta ka yi, kar in hana ka Habi. Ban manta ba, Kalilu. Amma ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba taro. Da aka kai amarya Kurawa, ya zauna gefenta ya kasa duban idonta.

"Da na shiga na gaishe ta, Habi."

"Ta jira ka. In ta ji ƙarar babur sai ta ce in tashe ta zaune, in gyara mata mayafi."

Ya dafe fuska ya yi kuka. Ta bar shi har ya yi shiru, sannan ta kama hannunsa.

"Ta yafe maka, Bagobirina. Ta so dai ta gaya maka da bakinta."

Allah Ya jiƙan Inno, Ya sanya albarka a auren nan, Ya saukar musu da ruwa mai amfani.