Hular Abba

Hular na hannuna, har yanzu da danshinta.

Nas ta leƙo daga ɗakin tiyata ta faɗi wata magana. Shekarata huɗu ina karatu da Larabci a Alƙahira, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

"Khairat, ya bitti, 'yata, me ta ce?" in ji Hajja Azumi, mahaifiyar Tarig, carbinta na tafiya.

"Suna kan aikin, Hajja."

Ban san ko shi ta faɗa ba.

Ba na jin tsoro, ba na jin kuka. Yatsun ƙafata kawai nake ji, sun yi sanyi tun safe sun ƙi hucewa.

A cikin irin sanyin nan na fara ganin Tarig. Wani katafaren mol ne na shaguna a bayan gari, mai ɗakin ƙanƙara da tudu, inda ake zamiya a kan allo. Ƙawayena na unguwar Hay el-Sabi' suka ja ni. Taku uku na yi na zube.

"Wayyo Allah na!"

"Sannu. Tashi, ba a kuka a nan, hawaye daskarewa yake."

Hausa! Daga bakin mai koyar da zamiya, dogo, da hular kwano a ka. Kakanninsa sun bar Haɗeja a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ya koro shi da mahaifiyarsa zuwa unguwar Hadayek el-Maadi, a nan Alƙahira.

Na so shi. Ban ɓoye ba, ban iya ba ma.

Yaya Ja'afar, ɗan wan Abbana mai karatun Shari'a, wanda ya daɗe yana yi min kallon tasa, shi ya kai labari Kano har da ƙarin gishiri: ɗan gudun hijira, ba asali, sana'arsa wasan yara. Abba ya ce ko sunan kada ya sake ji. Shekara biyu muna a haka. Tarig bai gaji ba, duk Juma'a sai ya kira Abba ya gaishe shi, ko da za a kashe wayar. Aka wayi gari an daina kashewa.

Da Yaya Ja'afar zai dawo daga hutu, Abba ya ba shi hula cikin nasa na sawa, ya ce a ba yaron, ya turo manyansa bayan Sallah.

Jiya Yaya Ja'afar ya miƙo min ita a ƙofar gidanmu kamar mai miƙa garwashi.

"Mu gani in za ta zauna. Kan da ya saba da kwano..."

Da na bar maganar a nan ƙofar. Ina! Ni ce Khairat, ba a faɗa min in haɗiye.

Yau da safe na sami Tarig a saman tudun.

"Cire kwanon nan, ka sa wannan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta.

"Ta Abba ce? Da gaske?"

"Ka sauko da ita in ɗauki bidiyo. Akwai wanda nake so ya gani."

"Habibti, doka ce. Ni nake korar mutane in ba su sa kwano ba."

"Sau ɗaya, Tarig! Don ni..."

Ya yi dariya, ya ɓalle igiyar haɓarsa.

"Khalas. Sau ɗaya, amaryata."

Ya sauko kamar kullum, ya yi kyau har na manta ina riƙe da waya. A kwana ta biyu iska ta ɗaga hular. Ya miƙa hannu ya cafe ta. Bakin allon ya kafe a ƙanƙara, ya wuntsila, gefen kansa ya daki ƙasa.

Kafin in ƙarasa ya miƙe, yana ɗaga hular sama.

"Ban sake ta ba! Ki shaida!"

Abokin aikinsa ya ce lallai likita ya duba shi.

"Ma'alish, ya zol, ba komai abokina, ƙanƙara ce, ba dutse ba," in ji Tarig.

Muka yi dariya. Muka je muka ci koshari. Ya tambaye ni saura kwana nawa Babbar Sallah, na faɗa masa. Can ya sake tambaya, na tsokane shi da zumuɗi. Ya ce kansa na sarawa, na ɗauko farasitamol a jakata na ba shi. Da hannuna.

Bayan La'asar ya yi amai a bakin titi, ya zauna, ya daina amsa sunansa.

Likita ya ce jini ne ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ya ce wanda ya faɗi ya tashi yana dariya ma sai an duba shi, da an kawo shi tun safe... Bai ƙarasa ba. Ya tambayi ko da kwano a kansa. Na ce babu. Bai tambayi dalili ba.

Yanzu ga likitan ya fito, ya zare takunkumin fuskarsa.

"Al-baƙa'u lillah."

Wannan na gane. Ta'aziyya ce.

Carbin Hajja ya tsaya. Ta yi salati, ta jawo ni jikinta tana cewa, "Yi kuka, ya bitti, yi kuka." Na nema, ban samu ba. Ba ta san wa ya ce ya cire kwanon ba. Ina ta so in faɗa mata, sai na ƙara damƙe hular.

Wayata ta ɗauki ƙara. Abba.

"Mamana, saƙo ya iso? Ja'afar ya ce ya ba ki."

"Ya iso, Abba."

"Ya gwada? Ina ta tunanin ko ta yi masa kaɗan."

Na dubi hular. Ƙanƙarar da ta maƙale a zarenta ta daɗe da narkewa, danshin ne kawai ya rage a cinyata.

"Ta yi masa daidai."

"Alhamdulillahi. To ba ni surukin nawa mu gaisa."