Zanen da Ya Tsayar da Inna

"Wallahi idan ka sake ce min in kwantar da hankalina, sai na juye maka robar fentin nan a ka!"

Mas'udu ya ja da baya yana danne dariya.

"Haba sahibata... likita fa ya ce..."

"Likita cewa ya yi in huta, bai ce in makance ba! Dubi lambar nan, don Allah dubi! Ƙwayar gero ta fi ta girma."

Cikina ya shiga wata na bakwai lokacin. Ranar da na je awo aka ce jinina ya hau, in bar taka keken ɗinki, in bar tashin hankali. Ni Mansura, da tun ina budurwa ban iya zama haka kawai ba! Sai na koma zagaye gidanmu na Damba ina neman abin faɗa, kuma kullum mijina nake samu.

Shi ne ya ga abin a waya, ya sa aka aiko masa daga Kano. Wani ƙyalle ne mai kauri, an zazzana masa ƙananan gidaje, kowane gida da lambarsa. Ga 'yan robobin fenti a jere, su ma da lambobi, ga burushi. Wai ka duba lamba, ka dangwalo fentinta, ka cike gidan. Idan ka gama, gulbi zai fito da itatuwa da furanni.

Wai abin hutawa!

Ranar farko na ɗauki tara a matsayin shida, sararin sama ya koma kalar kunun tsamiya. Washegari na manta robobi a buɗe, fenti ya bushe ƙamas. Da na samu ya fara kyau kuma, hannun rigata ya bi ta kai ya shafe rabin bishiya.

"Ki fara daga sama ki gangaro, zumata, kuma ki riƙa wanke burushin..."

"Sannu malamin fenti! Zo ka yi mana mu gani."

Gaskiyar magana, ba fentin ne ke cina ba. Inna ce. Kullum sai ta bugo waya daga garinmu Karakkai, maganar ɗaya: yaushe zan taho gida goyon ciki? Mas'udu kuma ya kafe, ya ce mai hawan jini ba ta nisa da asibitinta. Ba na ganin laifinsa. Ba na ganin na Inna. Yayata Maijidda a gidan mijinta ta rasu wajen haihuwar fari, kafin Inna ta iso an riga an rufe ta da zani. Mu biyu kaɗai Allah ya ba ta mata.

Wata Laraba da hantsi sai ga sallamarta a tsakar gida, ita da jakarta. Ba ta ko sha ruwa ba ta dube ni, ta dubi faifan da na jera robobi a kai.

"Mi nika gani haka? Mace da tsohon ciki tana wasan yara? Tashi haɗa kayanki, yau mu ka tahiya!"

Mas'udu ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, a yi haƙuri. Likita ya ce..."

Inna ta juya wajen bango, don ba ta taɓa kallon surukinta ido cikin ido ba.

"Mansura, hwaɗa mishi ɗiyata ce kahin ta zama matatai."

"Inna, ai yana jin ki."

"Mansura, ki ce wa Inna ko a mota jinin zai iya tashi..."

"Ita ma tana jin ka!"

Haka suka sa ni a tsakiya, wannan ya ba ni saƙo, waccan ta ba ni amsa, alhali tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Kaina ya fara sarawa, idona yana ganin wasu 'yan taurari.

"Ku raba ni biyu mana!" na faɗa da ƙarfi, hawaye suka zubo. "Kowa ya ɗauki rabi, ku huta, ni ma in huta!"

Na shige ɗaki na kwanta. Mas'udu ya biyo ni da magani da ruwa. Na sha, barci ya ɗauke ni.

Bayan la'asar na farka, gidan shiru. Na leƙa falo. Inna ce zaune ta miƙe ƙafa, ƙyallen a cinyarta, burushi a hannu. Mas'udu na can bakin ƙofa a rakuɓe.

"Wagga mai kama da ƙugiya fa?" ta tambayi bango.

"Biyu ce, Inna. Kore mai duhu."

Hannun da ya saba saƙa faifai bai fita layi ko sau ɗaya ba. Da ta gan ni sai ta haɗe rai.

"Ɓarnar da kinka yi nika gyarawa. In na ƙare bakin gulbin ga, mu tahi."

Bakin gulbi ya ƙare, aka ce itatuwa. Itatuwa suka ƙare, aka ce ai ba a barin furanni haka. Mas'udu ya kwashe kayan ɗakin ɗinkina ya shimfiɗa mata katifa. Ni da aka saya wa abu, sai na koma mai roƙo.

"Inna, ki ba ni burushin nan ko na minti kaɗan!"

"Ke hannunki rawa shikai. Ɗauki ƙaramin, ki yi nan gehe."

A gefen nake zama, kafaɗata na gogar tata. Tun ina yi da ƙunƙuni har na fara jin numfashina yana sauka. Gida ɗaya, sai na kusa da shi, sai na gaba. A awo na gaba ma'aikaciyar asibiti ta ce jinin ya ɗan sauka, in ci gaba da duk abin da nake yi.

Wata rana muna cike ruwan gulbi, Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ran da Maijidda ta rasu, da safe munka yi waya da ita. Ta ce mini lahiya lau take, kar in wahal da kaina."

Burushin ya tsaya a hannunta. Ɗigon hawaye ya faɗa kan shuɗin fenti.

"Inna..."

"Ba gida nika so ki zo ba, ɗiyata. Kusa nika so in kasance."

Na kwantar da kaina a kafaɗarta, muka yi kukanmu har fentin ya bushe a burushi.

Ranar da naƙuda ta zo, gardama suke yi a kan wani fure. Inna ta ce ja ya fi dacewa, Mas'udu ya ce lamba ta ce rawaya.

"Lamba ta san hure ta hi ni?"

"Jama'a!" na dafe ƙofa. "Ni fa haihuwa zan yi!"

Mas'udu ya fita da takalmi wari da wari. A asibiti jinin ya sake tashi sosai, likitoci suka rufu a kaina, ban san inda nake ba na wani lokaci. Da na buɗe ido, Inna na riƙe da hannuna, ga jaririya a ƙirjina tana motsa baki. Mas'udu na tsaye idanunsa jawur.

"Sannu rabin raina... sannu..."

Inna ta ɗago, a karon farko ta dube shi sosai.

"Da na tahi da ita, da ban san mi za ni ce ma Allah ba. Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaro.

Bayan suna, likita ya yarda in bi Inna Karakkai wankan jego. Muna shiga mota Inna ta leƙa ta taga ta kira Mas'udu.

"Ka sa a aiko wani. Babba, mai manyan lambobi."

"To Inna. Na Mansura ko naki?"

"Mai jego ina ta ga lokacin henti?"

Na buɗe baki zan yi magana, jaririyar ta tsala kuka, su biyun suka ce min a tare, "Ba ta ta sha mana!"