Girkar Afiniki

"Ruhu ya nuna mini! Akwai wata a cikinmu da aka yanka wa baƙin bunsuru!"

Muryar Tabita ce, shugabar mawaƙa, ta keta majami'ar har mai ganga ya saki sandarsa. Idonta a rufe, jikinta na ɓari, hannunta ɗaya a sama. Afiniki tana layi na uku a ɓangaren mata, cikin sabuwar atamfar da ta ɗinka saboda wannan Lahadi, domin yau ne Fasto zai yi sanarwar aurenta da Ɗanladi karo na farko.

"Faɗi, 'yar'uwa!" in ji Fasto. "Faɗi abin da Ruhu ya ce!"

"Tana 'yar shekara bakwai... ciwo ya kwantar da ita... kakarta ta kai ta ɗakin bori aka yi mata girka... Har yau ubanta bai sani ba!"

Tabita ta ƙara ɗaga murya.

"Shi ya sa harshenta ya ƙi buɗewa! Iskar tana nan zaune a kanta! Ruhu ya ce kada ɗan'uwanmu ya kai kansa ga halaka!"

Ba a ambaci suna ba, amma wa za a ruɗa? A wannan majami'a ta unguwar Takur a Dutse, mai mutum sittin da 'yan kai a ƙarƙashin rumfar kwano, mutum ɗaya ce kowa ya san ba ta taɓa magana da baƙin harsuna ba. Kawuna suka juyo kanta kamar an haɗa baki.

Ita kuwa ko kallon Tabita ba ta yi ba. Ɓangaren maza ta duba, inda Ɗanladi yake zaune kai a sunkuye. Tun da kakarta ta rasu, duk duniya mutum ɗaya ta taɓa gaya wa wannan magana, shi ma sai da ya yi mata alkawari har sau uku.

'Ɗago mana, Yaya Ɗanladi,' ta ce a ranta. 'Ɗago ka ce wani abu...'

Ya ɗago ɗin. Ya ɗaga hannunsa sama tare da sauran jama'a, ya ce, "Amin."

Ba ta san yadda ƙafafunta suka fitar da ita waje ba.

Afiniki 'yar Gidan Jaji ce, wani ɗan ƙauye a bayan Aujara, inda Maguzawa suka karɓi bishara tun zamanin kakanninta. Mahaifinta, Malam Ɗanmusa, shi ne mai bisharar ƙauyen, mutum mai sanyin magana wanda ko akuya ta shiga gonarsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. A koyarwarsa, Ruhu Mai Tsarki yana shiga zuciyar mutum tun ranar da ya ba da gaskiya, ba kiɗa ba guɗa. Yakan ce kamar gishiri ne a miya, ba a ganinsa, sai dai a ji shi a halin mutum, a haƙurinsa da gaskiyarsa.

Ɗanladi kuwa makanikin famfon tuƙa-tuƙa ne. Gyaran yini ɗaya ya kawo shi Gidan Jaji, amma daga ranar da ya ga Afiniki a layin ɗiban ruwa, famfon nan ya zama mai ciwon da ba ya warkewa, duk mako sai ya zo duba shi. Da ta sami aikin buga takardu a sakatariyar Dutse, garin da yake zaune, soyayya ta samu fili.

Sai ga shekarar dubu biyu. Maganar ƙaddamar da shari'a ta cika gari, wasu 'yan kudu suka ɗaure kayansu, waɗanda suka rage kuma zukatansu ba a kwance suke ba. A lokacin ne sabuwar majami'ar Takur ta cika. Su a wurinsu ba da gaskiya somin taɓi ne. Sai Ruhu ya sauko wa mutum karo na biyu da wuta, ya buɗe masa baki da harshen da bai taɓa koyo ba, sannan ya cika. Kuma a faɗi gaskiya, mutane da yawa sun sami ƙarfin zuciya a wurin. Shi kansa Ɗanladi a can ya rabu da kwalba, abin da faɗan uwarsa na shekara biyar ya kasa.

Malam Ɗanmusa bai so auren a can ba.

"Ɗana," ya ce wa Ɗanladi ranar gaisuwa, "ni a gidan bori na tashi. Na ga mace ta faɗi tana magana da muryar da ba tata ba tun kafin a haife ka. Ban ce naku irin wancan ne ba. Amma ina tsoron duk addinin da ake auna shi da faɗuwa."

"Baba, wancan iska ce. Wannan wuta ce daga sama!"

"To, Allah ya sa."

Kukan Afiniki ne ya sa ya sakko. Sai dai majami'ar tana da doka: ba a ɗaura wa mutum aure sai an ji harsuna a bakinsa. Wata bakwai Afiniki tana azumi, tana durƙuso har gwiwoyinta suka yi kanta, ana ɗora mata hannu ana ihu a kunnenta, amma shiru kake ji. Fasto ya yarda a soma sanarwa ne kawai bisa fatan abin zai zo kafin ranar biki.

Da la'asar ɗin wannan Lahadi Ɗanladi ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Ta fito da jajayen idanu, ba ta ko shimfiɗa masa tabarma ba.

"Zinariyata..."

"Wa ka gaya wa?"

"Ki tsaya ki ji, farin cikina..."

"Yaya Ɗanladi, wa ka gaya wa?"

Ya sosa ƙeya. "Tabita kaɗai. Don ta taya mu addu'a ne! Na ga kina wahala, na ce ko abin nan ne ya tare miki hanya..."

"Tabita!" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Duk Takur wa bai san Tabita ta fi shekara tana kai maka kunun gyaɗa wurin aiki ba? Ashe da ɗan gari akan ci gari."

"Ba haka ba ne..."

"To me ya sa ta ce Ruhu ne ya nuna mata? Kai ne Ruhun?"

"Afiniki, ki iya bakinki! Ruhu yana iya bi ta bakin mutum ya isar da saƙo."

"In haka ne, ba wuya. Lahadi mai zuwa ka tashi a gaban jama'a ka ce ta bakinka ya bi."

Ya ja da baya kamar ya taka garwashi.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? In na faɗi haka, wa zai ƙara yarda da annabci a majami'ar nan? Mutane suna cikin tsoro, abin da suka riƙe ke nan! So kike in rushe bangaskiyar mutum sittin?"

"Tawa fa?"



"Ka ce Amin, Yaya Ɗanladi," ta ce. "Ka san ƙarya take yi wa Allah, ka san ni ake yankawa, ka ɗaga hannu ka ce Amin..."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Washegari ta nemi izini a ofis, ta shiga motar Aujara. Maganar majami'a ta fi mota gudu, kuma ta gwammace mahaifinta ya ji daga bakinta. Ta same shi a gona, gero ya kai ƙirji, yana cire ciyawa. Ta durƙusa a kan kunya ta gaya masa komai: yadda ya tafi taron masu bishara a lokacin, yadda Kaka ta goya ta zuwa wani ƙauye, ɗakin duhu, turare, kiɗan garaya, da bunsurun. Ta gaya masa yadda Kaka ta ce in ta faɗa, baƙin ciki zai kashe ubanta.

Malam Ɗanmusa ya jingina da fartanyarsa. Abin ya buge shi, ba a ɓoye. Hawaye suka bi furfurar gemunsa.

"Shekara nawa ina wa'azi a kan bori," ya ce a hankali, "ashe a cikin gidana... Inna, Inna, me ya kai ki?"

"Ka yafe mini, Baba."

"Me kika yi? Yarinya mai shekara bakwai, a goye?" Ya share fuska da hannun rigarsa. "Tashi, uwata. Tsoro ne ya kai kakarki, Allah ya fi mu sanin zuciyarta."

"Baba... ko gaskiya ne iskar tana kaina? Wata bakwai ina roƙo bai zo ba..."

"Wanda ya shiga zuciyarki ranar da kika ba da gaskiya mai gida ne, ba ɗan haya ba. Ba ya raba ɗaki da kowa. Wa ya sa ki taso tun daga Dutse ki faɗa mini gaskiyar da ta fi ƙarfin bakinki? Iska ce take sa mutum haka?"

Ta fashe da kuka a nan cikin geron, ya bar ta ta yi mai isarta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Zuciya ba ta da kunya, domin duk da abin da ya faru, sai da ta Afiniki ta yi tsalle. Ta ce a ranta Ɗanladi ya zo ne ya ce zai faɗi gaskiya. Da ya faɗi haka, ko a ƙafa za ta bi shi Dutse.

Ya gaida Malam Ɗanmusa, sannan suka tsaya a gindin darbejiya. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Zinariyata, na samo mana mafita!" ya ce da ɗoki. "Na roƙi Fasto, ya yarda. Ranar Lahadi za ki durƙusa a gaba, a yi miki addu'ar korar iska. Da zarar kin yi magana da harsuna, shi ke nan, an wuce wurin. Tabita ma ba ta da ta cewa!"

"In durƙusa a kore mini abin da ba ni da shi?"

"Minti goma ne kawai, masoyiyata..."

"In kuma harsunan ba su zo ba fa? Wata bakwai ba su zo ba."

Ya waiga hagu da dama, ya matso, ya rage murya.

"Ki yi kawai."

"In yi me?"

"Ki rufe ido ki saki harshenki. Kowane irin sauti, da sauri da sauri. Ba wanda zai gane. Ni ma haka na yi ranar farko..."

Afiniki ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

"Ranar farko kaɗai?"

Ya kau da kai.

"Yaya Ɗanladi, dube ni. Ranar farko kaɗai?"

"Har yau jira nake," ya ce da ƙyar. "Wasu nasu na gaskiya ne, na sani, ina gani a fuskarsu. Na ce in na ci gaba da yi, wata rana nawa zai zo..."

"Wata bakwai!" Muryarta ta tashi har kaji suka watse. "Wata bakwai ina kwana da yunwa, ina zaton Allah ne ya ƙi ni! Kana riƙe da hannuna kana ce mini in ƙara bangaskiya! Kana kallona ina kuka, alhali ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu!"

"Tsoro na ji... Na ji tsoron in kin sani za ki raina ni."

"Da ka faɗa mini, da na fi son ka. Da mun jira tare."

A karo na farko ta dube shi ba ta ji haushi kaɗai ba, har da tausayi, kuma tausayin ya fi haushin ciwo.

Ta shiga gida. Jim kaɗan ta fito ɗauke da akwatin kayan baikonta a ka. Da hannunta ta ɗora shi a bayan babur ɗin, ta ja roba ta ɗaure tam, ta gwada shi ko zai zame a hanya.

"Afiniki, don Allah... ina son ki!"

"Na sani."

"To me zan yi? Faɗa mini!"

"Na faɗa maka tun ranar Lahadi. Za ka tashi ka faɗa musu?"

Ya dubi ƙasa. Ta ba shi lokaci, ta ƙara masa. Bai ɗago ba.

"Hau ka tafi, hadari yana haɗowa," ta ce. "Zan riƙa yi maka addu'a naka ya zo, na gaskiya. Da Hausa zan yi, ita kaɗai na iya."

Sai da ya buga babur ɗin sau huɗu kafin ya tashi. Ta tsaya a wurin har ƙararsa ta ɓace a cikin gonaki, sannan ta juya ta shiga gida.